Ranar da Jirgin Ƙasa Ya Yi Faci

Mu a Shagari ba mu da jirgin ƙasa, ba mu taɓa yi ba, har gobe kuma ban ga alamarsa ba. Mai son ganin layin dogo sai ya bi ta Boɗinga ya shiga Sakkwato, ya nemi motar Gusau, ya wuni ana jijjiga masa hanji. Duk da haka, in ka shiga kasuwarmu ka ce a nuna maka gidan mai facin jirgi, ba wanda zai tambaye ka wanne. Ƙofata za a kawo ka. Jikokina sun ɗauka sunan sana'a ne.

Ni baduku ne, ɗan baduku. Karatuna na boko wata huɗu ne a ajin yaƙi da jahilci, shi ma don na ji ana raba fensir kyauta na shiga. Saboda haka in ka ga baƙi ya hau kan baƙi a rubutun nan ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da basilla.

Ina da taubashi a Boɗinga, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Sa'ana ne, damina ɗaya aka haife mu. Ka san wasan taubasai: ka zagi mutum, ka ƙulla masa sharri, ka kunyata shi a gaban surukansa, ba shi da damar fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Shi yana kirana bawansa, ni ina kiransa bawana, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Kuma ba zan ɓoye ba, na fi shi mugunta. Lokacin da za a nema masa aure na riga manya zuwa gidan, na raɗa wa uban yarinyar cewa yaron kirki ne, sai dai kurma ne, sai an ɗaga murya. Wata biyu surukinsa yana gaishe shi da ihu, shi kuma yana zaton tsohon ne ba ya ji, yana rama masa da ihu. Shi ma ya taɓa aikawa Dandin Mahe cewa na rasu, sai ga dangin uwata sun cika mini gida da salati, ina zaune ina shan fura.

Sai dai mu biyu muna da wata ƙa'ida da ba wanda ya san da ita. Tun muna samari muka ga cewa in komai wasa ne, wata rana wuta za ta kama gidan ɗayanmu ɗayan ya ƙi yarda. Sai muka yanke: in magana ta gaske ce, mutum ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Duk abin da aka faɗa hula tana gwiwa, ba wasa a ciki. Da hula a gwiwa ya gaya mini rasuwar uwarsa. Da hula a gwiwa na gaya masa ina son matar da nake tare da ita yau.

Da mulkin farar hula ya zo, taubashina ya tashi daga sayar da kananzir a kwalba ya koma ɗan kwangila. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga ciki ya fito, wuya ya ɓace, an je Makka an dawo. Kowa ya koma ce masa Alhaji, ana cire takalmi tun daga nesa. Ni kaɗai na rage mai ce masa bawa. Yana son abin kuwa. Ya ce duk satin da ban zage shi ba abinci ba ya yi masa daɗi.

Wata rana da hantsi ina zaure ina ɗinkin kube, sai ga Marsandi ta tsaya ta tsorata mini kaji.

"Bawa, aje wanga tsumma," in ji shi. "Na samo maka aikin da za ya sa a san da kai."

"Ta hannunka? Gara a san ni ta hannun alƙali. Zamna ƙasa, kada ka karya min benci."

Ya zauna yana haki, ya ba ni labari. A Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare, akwai wani tsohon tarago da aka jingine a gefe tun tafiyar Turawa. Ba irin na fasinja ba ne, na wani babban Bature ne, gida guda a kan ƙafafun ƙarfe: falo, ɗakin kwana, wurin wanka, madafa. An yi gwanjonsa ya saya. Yana so ya mai da shi sabo, a ɗaura shi a bayan jirgin fasinja, ya kwashi manyan mutane ya kai su Ikko su ga teku. Kujeru goma sha biyu ne a falon, duk ɓeraye sun cinye. Yana so in rufe su da jar fatar akuya, irin tamu.

Na ce, "Na ji. Amma ni ma za ni. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba."

"Kai? Cikin manya? Da wanga warin jima?"

"To nemi wani baduku."

Ya dube ni, ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya sa hannu ya cire hularsa, wata doguwa mai aiki, ya ɗora a gwiwa.

"Kujeru goma sha biyu," in ji shi. "Sha ɗaya nawa, guda taka. Zaɓi wadda kaka so."

Maganar haƙƙin aiki ba ta cikin labarin nan, ya sallame ni ban yi ƙorafi ba. Kujerar ce maganar.

Na bi kasuwanni ina zaɓen fata, Boɗinga, Kajiji, Dandin Mahe, ina ɗaga kowace a rana don in ga ko wuƙa ta taɓa ta. Na tsaya a kan majema da kaina har bagaruwa ta kama yadda nake so. Aka rina da karan dafi, ja mai duhu kamar goro ya kwana a baki. Na tara audugar rimi buhu-buhu. Sannan aka ɗora ni da kayana a bayan mota sai Ƙaura.

Da na fara ganin taragon na ce lallai an cuci bawana. Awaki suna kwance a ƙarƙashi, jemagu sun yi gari a ciki, fenti ya kware kamar jikin mai ƙyasfi. Amma akwai kafintoci da masu fenti suna ta fama, akwai kuma wani tsoho siriri mai farar riga da ke tsaye a kansu. Shi ne kukun da ya yi aiki a cikin taragon tun yana saurayi, taubashina ya sa aka nemo shi. Ni ina ce masa Baba kuku, shi yana ce mini Basakkwace. Ya san gurbin kowace ƙusa. In kafinta ya kawo sabon katako sai ya shinshina ya ce a mayar, wannan ba ɗan gidan nan ba ne.

Wata uku na yi a cikin taragon nan, a ciki nake aiki, a ciki nake kwana. A gabana ya farfaɗo. Aka kankare bangon sai ga katako baƙi-baƙi mai sheƙi, kana ganin haƙoranka a ciki. Fitilun tagulla Baba kuku ya goge su da tsamiya da toka har suka koma kamar zinariya. Kowace taga hawa uku ce: gilashi, da raga saboda sauro, da wani katako mai tsaga-tsaga da ke shigo da iska ya hana rana. Teburin cin abinci yana da baki kamar faranti don kada kwano ya zame. Akwai bahon wanka da mutum zai miƙe a ciki kamar gawa. Akwai wani ɗan maɓalli kusa da kowace kujera, in ka danna ƙararrawa ta yi kuka a madafa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ban ɗaki. Kujera ce fara tas, da murfi, da madubi a gefe, amma da na leƙa ramin sai na hango duwatsun layin dogo. Na ce, "Baba kuku, ashe duk iyayin Bature a kan hanya yake zubarwa?" Ya ce in rufe bakina, shi ya sa ba a shiga sai jirgi na tafiya.

A can baya kuma akwai ɗan baranda mai shingen ƙarfe da ƙaramar ƙofa, ta nan ake hawa da sauka.

Kujeru sha ɗaya na yi su yadda ake yin aiki. Ta sha biyu na yi ta yadda ake yin ɗa. Na zaɓi ta jikin tagar ƙarshe, kusa da barandan. Na ninka mata rimi. Ina cusawa ina zama, ina tashi ina ƙarawa, har ta ɗauki mazaunaina daidai, don ba ni da nama sosai, ƙashi ne ke taɓa wuri. A ƙarƙashinta, inda ba mai gani, na ɗinka 'yar kunama da baƙin zare. Shi ne sa hannuna, tunda na boko bai zauna ba.

Da aka gama, ma'aikatan reluwe suka ce sai an gwada ƙafafun. Aka ɗaura mu a bayan jirgin kaya zuwa Gusau, daga ni sai Baba kuku. Ranar ya sa farar rigarsa mai maɓallan tagulla, ya ce, "Basakkwace, yau kai ne Bature. Zauna, kada ka taɓa komai, danna kawai."

Na zauna a kujerata. Aka yi wata girgiza, ƙarfe ya kira ƙarfe tun daga gaba har ya iso gare mu, sai na ga tasha ta fara tafiya baya. Na kama hannun kujera ina salati. Can da tafiya ta miƙa sai abin ya koma kamar goyo, ana jijjiga ka a hankali, ƙafafu suna kiɗa a ƙasa. Fanka tana juyawa a sama. Na danna maɓalli. Sai ga Baba kuku da tire: shayi a kofin tangaran mai siririn hannu wanda yatsana ya ƙi shiga, da burodi gasasshe an yanka shi kusurwa uku, da wani ƙyalle fari da na ɗauka na goge fuska ne ashe na cinya ne. Shayin yana rawa a kofi amma bai zube ba. Gonakin dawa suna wucewa, da kuka, da rugar Fulani. Manoma suka ɗago suna ɗaga mana hannu, ni ma na leƙa ina ɗaga hannu biyu ina ihu.

"A'a," in ji Baba kuku. "Babban mutum ba ya haka. Yatsa biyu kawai, kuma kada ka dube su sosai."

Na gwada. Wallahi kafin mu kai Gusau na iya. Na ga wani yana kora jaki a gefen layi, na ji tausayinsa ya kama ni, na ce talaka na shan wahala a ƙasar nan. Alhali nawa jakin yana gida ɗaure, bai ma kai wannan ƙiba ba.

Na koma Shagari in jira ranar tafiya, kuma a nan ne na kashe kaina da bakina. Ba rumfar da ban zauna na ba da labarin baho da ƙararrawa ba. Na kai labarin Boɗinga ranar kasuwa. Na ce da manya za ni Ikko, kujerata ma daban take. Tela ya ɗinka mini riga shuɗiya. Masu saƙo suka yi ta zuwa, wannan agogo, wancan maganin basir na Yarbawa. Mai ɗakina tana jina tana tankaɗe.

"Malam, rage baki," in ji ta. "Jirgin bai tashi ba tukuna."

"Ke mi kinka sani? Hula ya cire."

Ba ta gane ba, ban kuma bayyana mata ba. Da dai ta ga abin da gaske ne, sai ta wanke wata kwalba ta ba ni. Ta ji an ce ruwan teku na maganin ciwon gwiwa. Shi ke nan saƙonta.

A lokacin abubuwa sun fara tsuke wa mutane. Shinkafa ta yi wuya, sabulu da madara sai an yi layi, gishiri ma sai da sanayya. Kwangila ta fara ƙafewa. Na ji ana cewa taubashina ya dogara da tafiyar nan, don cikin baƙinsa akwai masu sa hannu a takarda. Ni ban damu ba. Teku nake gani.

Ranar tafiya da hantsi muka hallara a tashar Ƙaura. Taragon yana can ƙarshen jirgi yana walƙiya, mutane sun kewaye shi suna leƙe. Baƙi goma, taubashina na sha ɗaya, ni na sha biyu. Manyan riguna, turare har yana sa tari. Na shige na zauna a kujerata, jakata da butata na ba Baba kuku ya ajiye a madafa. Ba wanda ya tanka mini, ni ma na ɗaga musu yatsa biyu a zuci.

Saura kaɗan a tashi sai ga wata baƙar mota ta shigo har bakin layi. Wani ƙaton mutum ya fito. Ban san shi ba, amma duk falon ya miƙe tsaye. Ashe shi ne wanda aka gayyata tun farko ya ce ba zai samu zuwa ba, yau kuma ya ga dama. Taubashina ya sauka da gudu ya taro shi, yana ranka shi daɗe, yana Allah shi ja zamani. Suka shigo. Na ga idon taubashina yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya, yana lissafi, har ya zo kaina ya tsaya.

Zan faɗi gaskiya. Na gane matsalar tun kafin ya gama lissafin. Da ya ja ni gefe ya cire hula ya ce, ɗan'uwa, taimake ni, da na tashi na koma madafa wurin Baba kuku na zauna a kan buhun dankali har Ikko, in riƙa zaginsa da abin har mu mutu. Abin da nake jira ke nan. Ban tashi da kaina ba don ina so ya roƙa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Sai ya yi murmushi, ya ɗaga murya.

"Ranku shi daɗe, wanga da kuka gani bawana ne, tun kakanni. Wata ukku ya yi cikin jirgi, yanzu ya fi direba sani. Kai bawa! Na ji kamar ƙafar baya ta yi faci. Sauka ka diba muna."

Falon ya ɗauki dariya. Ni kuwa raina ya yi fari. Na ce a zuci, ashe wasa za a yi a gaban manya, to yau za su ga wanda ya fi iyawa. Wanda ya kwana wata uku a kan ƙafafun nan ya san ƙarfe ne zalla, ko harsashi ba ya huda su. Amma in taubashi ya jefo wasa ba ka barinsa ya faɗi ƙasa. Na miƙe, na gyara riga, na fita baranda na sauka da taƙama. Na je na shuri ƙafar, na yi tsalle ina riƙe da yatsa. Na durƙusa na kara kunne. Na tofa yawu a yatsa na shafa ina neman inda iska ke fita. Manya sun leƙo ta tagogi suna dariya har da riƙe ciki, mutanen tasha ma sun taru.

Na ɗaga murya na ce, "Iska ya rage kaɗan! Nauyin cikin mai jirgin ne! A miƙo famfo!"

Aka sake fashewa. Ina cikin jin daɗin kaina aka busa usur. Ƙarfe ya kira ƙarfe tun daga gaba. Na juya in kama matakala, sai na ga ƙofar barandan a rufe, an sa sakata. Baba kuku yana tsaye a bayanta, kansa a ƙasa. Na dubi gefena. Jakata ce a ajiye a kan dakalin tasha, an jera butata kusa da ita, tsaf, yadda mai aikin Bature ke ajiye kaya. Ashe lokacin da nake kara kunne a ƙarfe ake sauke su.

Jirgi ba ya tashi da sauri. Na bi shi, ba zan yi ƙarya ba, na yi gudu da sabuwar riga ina cewa a buɗe, ina dariya ma, don har lokacin ina zaton ƙarshen wasan ne, yanzu za a miƙo mini hannu. Na zo daidai tagar ƙarshe na ga ƙaton nan ya nutse a kujerata yana gyara zama. Taubashina ya fito baranda. Na dubi kansa. Hular tana nan daram. Ya dube ni, ba sosai ba, ya ɗaga mini yatsa biyu.

A nan na tsaya.

Kwana tara na yi a Ƙaura a rumfar wani baduku, ina taya shi ɗinki, ina lissafin kwanakin da mai zuwa Ikko zai yi ya dawo. Dabarata in koma gida in ce an je lafiya. Na cika kwalbar nan da ruwan rijiya, na nemi gishiri da ƙyar na zuba na girgiza. Abin da ban lissafa ba shi ne direban taubashina, wanda ya mai da Marsandi Boɗinga tun ranar, kuma yana tsaye a tasha aka yi komai.

Na shiga gida na yi sallama da muryar matafiyi, na miƙa kwalba. Mai ɗakina ta karɓa, ta buɗe, ta ɗanɗana.

"Tekun Ƙaura ya ji gishiri," in ji ta. Ta juye a miya. Ba ta ƙara cewa komai ba, har yau. Wannan matar Allah shi saka mata.

Gari kuwa bai yi mini wannan karamcin ba. Kuma labarin da ya iso ba irin wanda ya faru ba ne. Cewa aka yi na yarda da gaske jirgi ya yi faci, ina can ina neman famfo jirgi ya tafi ya bar ni. Da taubashina ya dawo, maimakon ya gyara sai ya ƙara gishiri. Duk majalisar da ya zauna sai an ce ya ba da na mai faci. Ya ce har kuka na yi ina cewa a jira a liƙe. Ba ya faɗin baƙon da ya zo, ba ya faɗin jakar.

Na kai ƙara wurin kawunmu, babban da ya rage mana. Ya saurara yana danne dariya.

"Wasan taubasai ne, ba a shari'a tai," in ji shi. "Kai da ka maishe shi kurma gidan surukai? Yau an taɓa ka kaka kuka?"

Na ce, "Baba, hula ya cire."

"Wace hula?"

Duk duniya mutum biyu suka san maganar hula, ɗayan kuma shi ne ya taka ta.

Fushi ba dama, an ce wanda ya yi fushi ya faɗi. Rama wa kuma da wani sharrin, ai shi yake jira, don da na rama an koma daidai ke nan. Na daɗe ina juya abin ina ɗinki, har na samo.

Muka haɗu a wani suna a Boɗinga. Yana hango ni ya buɗe murya, "Ga mai facina nan! Bawa, ina famfo?" Na cire takalmi tun daga nesa. Na zo gabansa na durƙusa har ƙasa.

"Allah shi taimaki Alhaji. Allah shi ƙara girma. An dawo lahiya? Ya gajiyar hanya?"

Jama'a suka yi dariya, sun ɗauka sabon salo ne. Shi ma ya yi. Karo na biyu ya yi 'yar kaɗan. Karo na uku ya kama hannuna ya ce, "Kai, bari wanga abu." Na ce, "To, ranka shi daɗe." Daga ranar ban sake ce masa bawa ba, ban sake zaginsa ba, ban taɓa wuce shi ban cire takalmi ba.

Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki. Aka shiga binciken 'yan kwangila, aka tsare shi 'yan watanni, aka sake shi. Motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ga fari ya zo, gero ya ƙone a tsaye. Taragon tafiyarsa ɗaya ke nan, aka mai da shi gefen da aka ɗauko shi, awaki suka koma gidansu. Masu cire masa takalmi suka daina, wasu ma in sun hango shi sai su sake hanya. Ni kaɗai na rage mai durƙusa masa a kasuwa, a gaban kowa, yana tsaye da tsohuwar riga. Na san abin yana cinsa fiye da zagi. Shi ya sa ban fasa ba.

Wata rana bayan la'asar wata akori-kura ta haya ta tsaya a ƙofata. Shi ne, da kujera a baya. Shi da direban suka sauke ta suka shigo da ita zaure. Jan ya dushe, amma na san ɗinkina. Direba ya fita. Taubashina ya ƙi benci, ya zauna a ƙasa cikin yankakkun fatu. Ya rame, wuyan da ya ɓace ya dawo har ya yi yawa, fatar ciki ta saki. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ga kujerarka," in ji shi. "Ƙaura na tahi da kaina na kwanto ta. Na ci amanarka. Tsoro na ji, na ga in mutumin nan bai samu wuri ba na ƙare. Ka ga kuma ko hannun bai sa mini a takarda ba." Ya yi wata 'yar dariya. "Kunya ta hana ni roƙonka gaban mutane, sai na yi abin da na san ba ka iya ƙi."

Na ce, "Allah Sarki."

"Don Allah ka zage ni. Ko sau guda. Shekara biyu ba wanda ya zage ni don yana so na."

Wallahi zagin yana bakina. Da na dubi cikin nan da ya sace, magana ta zo mini cif, irin wadda ke zo wa mutum sau ɗaya a shekara goma: ashe ba jirgin ne ya yi faci ba, mai jirgin ne. Na san da na faɗa zai kwanta a ƙasa yana dariya har hawaye, ni ma in bi shi, mai ɗakina ta aiko da fura, shi ke nan an wuce wurin. Har na buɗe baki. Sai na ga hular a gwiwarsa, ita ce dai, doguwar nan mai aiki, ta tsufa. A wannan zauren, a kan wannan gwiwar na taɓa ganinta.

Na ce, "Alhaji ya wahal da kansa. Allah shi saka da alheri, shi mai da Alhaji gida lahiya."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗauki hular ya sa, ya dafa bango ya miƙe. Na raka shi har mota, ba takalmi a ƙafata.

Da ya tafi na kifa kujerar, kunamata tana nan. Na mai da ita na zauna. Ba ta san ni ba. Kwana nawa ne zuwa Ikko da dawowa, amma ƙaton nan ya murƙushe rimin ya yi mata rami irin nasa, na faɗa ciki kamar tsakuwa a ƙwarya. Zan iya farke ta in sake cusawa, aikin wuni ɗaya ne. Ban yi ba. Tana nan a kusurwar zaure, a kanta nake tara fatun da ban yanka ba.

Ya yi shekaru bayan haka, muna haɗuwa a biki da makoki, ina durƙusawa yana amsawa. Da ya kwanta ciwo, abin ya yi tsanani, liman ya ce in je in yafe masa, na je na yafe, don ba na so a tsare shi a can saboda ni. Maganar facin nan da ta zo bakina a zaure ce dai ban ba shi ba, har aka kai shi makwancinsa bai ji ta ba. Teku kuma ban gan shi ba, gwiwar mai ɗakina tana nan yadda take.

Wani lokaci in ina ɗinki sai in ji kamar na cuce shi, magana ɗaya ce fa, ba ta da tsada. Ina cikin wannan tunani sai wani ya wuce a kan babur, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin, ya rage gudu ya leƙo zaure ya ce, "Sannu da aiki, Baba mai faci!" Sai in amsa masa, in ci gaba da ɗinkina.